Yadda ake raya tarihin jiragen sama masu sauka a kan ruwa

A lokacin yaƙin duniya na biyu, mazauna birnin Legas sun saba ganin wani ƙaton jirgin sama mai injina huɗu yana sauka a kan ruwa, maimakon filin jirgi.

Wannan jirgi shi ne Boeing 314, wanda ya fara tashi a shekarar 1938 a Amurka. Guda 12 kacal aka ƙera, kuma uku daga ciki kamfanin BOAC na Birtaniya ne ya saye su, ya riƙa zirga-zirga da su daga 1941 zuwa yammacin Afirka, ta Lisbon da Bathurst, wato Banjul ta yanzu, har zuwa Legas.

A irin wannan jirgi ne shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya ƙetare tekun Atlantika a watan Janairun 1943, a kan hanyarsa ta zuwa taron Casablanca.

To sai dai a yau babu ko guda ɗaya da ya saura. Wasu sun nitse, sauran kuma an wargaza su a matsayin tsohon ƙarfe ya zuwa farkon shekarun 1950. Wanda ke gidan tarihi na Foynes a ƙasar Ireland ma kwaikwayonsa aka gina.

Wannan ne ya sa duk mai son ganin siffar jirgin ta kowace fuska, yana zaune a kan ruwa kamar yadda mutanen wancan zamani suka gan shi, sau da yawa sai ya koma ga masu haɗa ƙananan samfuran jirage.

Ƙanƙanta jirgi sau 144

Wannan sana'a ta hannu ta yi kama da yadda yara a ƙasar Hausa ke ƙera mota da karan dawa ko langa-langa. Bambancin shi ne, a nan komai da awo ake yinsa.

Kamfanoni irin su Airfix na Birtaniya sun fitar da jirgin a gutsattsarin roba, wanda mai saye zai harhaɗa da gam, ya yi masa fenti. An ƙanƙanta shi ne sau 144, saboda haka fukafukansa masu faɗin mita 46 sun koma kimanin santimita 32.

Idan aka ɗora jirgin a kan katako, aka kewaye shi da ruwa da kwale-kwale da wurin ɗaure shi, sai ya zama abin da ake kira diyorama, wato wani yanki na duniya da aka tsayar da shi cak a wani lokaci guda.

Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta duniya, IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, tana gudanar da babban baje koli duk watan Nuwamba a garin Telford, inda ake gasar irin waɗannan ayyuka.

Ruwan da ba ruwa ba

Haɗa jirgin shi ne mai sauƙi. Gagarumin aikin yana wajen ruwa.

Da farko akan yanke ƙasan cikin jirgin daidai inda ruwa ke kaiwa, ko kuma a ƙwaƙule masa gurbi a katakon, domin jirgi mai nauyi a cikin ruwa yake zaune, ba a samansa ba. Boeing 314 yana da wasu gajerun fukafukai a gefen cikinsa waɗanda ke hana shi kifewa, kuma dole su kasance daf da fuskar ruwa.

Daga nan sai a fente katakon, a duhunta inda ake son nuna zurfi, a haskaka wajen gaɓa. Launin kuwa wurin da aka zaɓa ne ke yanke shi. Ruwan gulbin Legas ba shuɗi ba ne garau kamar na tsakiyar teku, ya fi karkata ga kore mai gauraye da ruwan ƙasa.

Ruwan kansa ana yinsa ne da wani ƙaro na roba mai suna ifoksi, wanda ke zuwa a kwalabe biyu. Idan aka gauraya su, sai ya daskare ya yi tauri, ya zama garau kamar gilashi.

A nan ne gaggawa ke jawo asara. Ƙaron yana fitar da zafi yayin da yake daskarewa, kuma idan aka kwarara shi da kauri a lokaci guda, zafin na iya lanƙwasa robar jirgin da aka shafe makonni ana haɗawa. Saboda haka kaɗan-kaɗan ake zuba shi, a bar kowane zubi ya kwana kafin a ƙara wani. Haka kuma sai an toshe kowace kafa a gefen katakon, domin ƙaron kan tsiyaye ta ƙaramar ɓaraka.

Akwai kuma batun lafiya. Ɗanyen ƙaron na iya haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, don haka ake sanya safar hannu, a kuma yi aikin a wurin da iska ke shiga.

Bayan ya bushe, sai a tayar da igiyoyin ruwa da wani kirim mai kauri, wanda fari ne lokacin shafawa amma yake washewa idan ya bushe. Kumfa kuwa da auduga da ɗigon farin fenti ake yinta.

Ko a nan ma awo ne ke hukunci. Igiyar ruwa mai tsayin mita guda ba ta wuce milimita 7 ba a wannan ma'auni. Tun da yake a ruwa mai kwanciya ake ɗaure waɗannan jirage, manyan igiyoyi sukan tona asirin wanda bai yi lissafi ba.

Tsufar da sabon abu

Mataki na ƙarshe shi ne sanya wa jirgin alamun wahala, domin jirgin da ya ratsa teku ba ya sheƙi kamar sabon kwano.

Akan tsinka fenti mai duhu da tina, a bar shi ya bi layukan da ke jikin jirgin. A bayan injina akan shafa baƙin hayaƙi da ɗigon mai, a ja su baya yadda iska ke kora su. A gefen ciki akan sanya farin zanen gishiri, da wani siririn layi na gansakuka daidai bakin ruwa. Da ɗan guntun soso kuma ake nuna inda fenti ya ɓare a bakin ƙofofi, inda ma'aikata ke takawa.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne shafa jan tsatsa. Da alminiyam aka ƙera jikin jirgin, shi kuwa ba ya jan tsatsa kamar baƙin ƙarfe. Idan gishiri ya ci shi, wani fari-farin gari yake fitarwa.

Launin jirgin ma tarihi ne. Kafin yaƙi, jiragen kamfanin Pan American na Amurka ruwan azurfa ne. Na BOAC kuwa, masu suna Bristol da Berwick da Bangor, an yi musu fentin ɓad-da-kama, tare da babbar tutar Birtaniya a gaba. Wanda ya haɗa launin wannan da sunan wancan ya nuna abin da bai taɓa faruwa ba.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru kan daɗe suna nazarin tsofaffin hotuna kafin su ɗauki buroshi. Tun da jirgin na ainihi ya riga ya ɓace, abin da suka ɗora a kan katako shi ne da yawa daga cikin masu kallo za su ɗauka a matsayin gaskiya.