Na'ura da Buƙatar Mai Shago

A shirinmu na yau za mu duba wata mas'ala da ta shafi ƙananan 'yan kasuwa, wato yadda ake kawo musu na'urorin zamani da manhajoji, alhali ba a tambaye su abin da ke damunsu ba.

Bari mu fara da ƙasar Kenya. A shekarar 2005 kamfanin Vodafone da na Safaricom suka yi gwajin wani tsari a garin Thika, wanda maƙasudinsa shi ne masu karɓar ƙaramin rance daga cibiyar Faulu su riƙa biyan bashinsu ta wayar hannu. To, da aka sa wa al'amarin ido, sai aka tarar mutane sun karkatar da shi zuwa ga tasu maslahar: wani ya biya wa ɗan'uwansa bashi, wani ya biya kuɗin haja, wani kuma ya zuba kuɗinsa a ciki kafin ya kama hanya saboda tsoron 'yan fashi. Hikimar masu aikin ita ce ba su ce jama'a sun saɓa ƙa'ida ba, sai suka bi sawunsu suka sake fasalin abin, har aka ƙaddamar da M-Pesa a watan Maris na 2007 domin aika kuɗi gida.

A nan Nijeriya kuwa, an ƙaddamar da kuɗin intanet na eNaira ran 25 ga Oktoba 2021 da gagarumin biki, amma akasarin 'yan kasuwa ba su waiwaye ta ba. Sai da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 sannan mai shayi da mahauci suka rubuta lambar asusun bankinsu a jikin kwali, domin a lokacin larura ta zo.

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi, sun bambanta larura da buƙata da kuma abin da yake ƙawa ce kurum, kuma a ganina wannan mizani ya dace da mai shago a kasuwar Kantin Kwari. Sau da yawa akan sayar masa da kwamfuta mai tsada da manhajar da ke magana da Ingilishi zalla, wadda ba ta aiki sai da wuta da intanet, ga shi kuwa abin da ke hana shi barci bai wuce sanin wanda yake bi bashi ba, da ranar da aka yi alkawarin biya, da tabbatar da cewa alat ɗin da aka nuna masa na gaskiya ne. Rubuta bashi ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, tun da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kansa ta sauka.

Wanda aka fi mantawa da shi kuwa shi ne yaron shago, wanda shi zai wuni yana latsa na'urar ga masu ciniki tsaye a kansa. Idan ba a yi shawara da shi ba tun farko, ba a kuma bar shi ya gwada ta tare da tsohon littafinsa har ya natsu ba, to, ranar da ta fara gardama, mai gyara kuma yana can Legas, zai tura ta ƙarƙashin kanta ya jawo biro.