Daga Dutsen Nasarawa Zuwa Batirin Waya: Ina Namu Masanan?

Duk mutumin Adogi da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal, in ya je gida bikin salla, ba zai rasa jin zancen dutse ba. A da labarin ƙasar Lafiya bai wuce doya da agushi da shinkafa ba. Yanzu kuwa samari suna barin gona su tafi haƙar dutsen litiyam a wasu sassan Jihar Nasarawa, watau sinadarin da ake yin batirin waya da na motar lantarki da shi. A da ba kowa ya san da wannan arziki ba, amma cikin watan Mayu na 2024 har an buɗe masana'antar tace dutsen, ta wani kamfanin Sinawa, a Ƙaramar Hukumar Nasarawa.

To, jama'a, haƙa da tacewa su ne kashi mai arha a cikin wannan sana'a. Kuɗin yana wajen wanda ya san yadda ake juya dutsen ya zama garin da ake zubawa cikin batir, kuma galibin wannan aiki a ƙasar Sin ake yinsa. Ilmin da ake bukata shi ne na sanin cikin daskararrun abubuwa, watau yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin dutse ko ƙarfe ko gilashi, da yadda halin abu ke canzawa in an canza jerin.

Kada mai karatu ya ga kamar abin ya fi ƙarfinsa. Maƙeri ya daɗe yana aiki da shi. In ya gasa ƙarfe ya yi ja, ya tsoma cikin ruwa, sai ya yi tauri. In ya bar shi ya huce a hankali, sai ya yi laushi. Ƙarfen ɗaya ne, jerin cikinsa ne ya sake. Haka nan baƙin da ke cikin fensir da lu'ulu'u, asalinsu guda, zaman ƙwayoyin ne ya bambanta su. Shi ma dutsen litiyam da masana ke kira sipodumin, in ka zuba masa ruwan asid yadda aka haƙo shi ba zai saki kome ba, sai an gasa shi da zafin da ya haura digiri 1,000 jerin cikinsa ya buɗe tukuna.

Abin lura shi ne fanni ɗaya ba ya isar mai wannan aiki. Masanin kemistiri ya iya haɗa gari, amma sai da masanin fiziks za a gane yadda lantarki ke ratsa shi, sa'an nan injiniya ya faɗi ko za a iya yin tan dubu nasa ba tare da hasara ba. Saboda haka ne manyan jami'o'in duniya suke horar da masu neman digirin dakta a tsakanin sassa, ɗalibi ɗaya da malamai biyu ko uku daga fannoni dabam dabam, har shekara uku ko huɗu.

Ga misali. Wani Ba'amurke, John Goodenough, lissafi ya fara karantawa, ya yi dakta a fiziks a Chicago cikin 1952, amma sai aka ba shi shugabancin wani sashen kemistiri a Jami'ar Oxford ta Ingila. A can ne cikin 1980 shi da abokan aikinsa suka gano haɗin litiyam da kobal wanda ya zama zuciyar batirin waya. Kamfanin Sony ya fara sayar da irin batirin cikin 1991. Cikin 2019 aka ba shi kyautar Nobel ta kemistiri tare da mutum biyu, yana da shekara 97. Da an tsare shi a sashen da ya fara, wa ya san yaushe za a sami abin?

Yaron Adogi ba sai ya ƙetare teku ba kafin ya fara. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa cikin 2011, tana bakin ƙofarsa, ga kuma ta Jiha a Keffi. In ya sami digirin farko mai kyau, a Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, wadda aka kafa cikin 2007, tana ba da digiri na biyu da na dakta a wannan fanni, kuma ɗalibanta daga ƙasashen Afirka da dama suke zuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da sashen ƙarafa da kayan ƙira, da cibiyar binciken makamashi inda ake auna abin da ke cikin dutse.

Amma fa akwai wuya, ba za mu ɓoye ba. Na'urar da ake leƙa jerin ƙwayoyi da ita, mai aiki da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, tana da tsada, kuma ba ta son ɗaukewar wuta. Sa'an nan shekarun karatun suna da yawa, iyaye kuwa suna ƙosawa yaro ya fara kawo cefane.

Nan ne maganar ta zo kanmu mazauna Kurmi, tun da yawancin kuɗin makarantar ƙannenmu daga nan yake tafiya. Waɗanda ke Warri da Fatakwal sun san kamfanonin mai suna zuba garin wani farin dutse mai nauyi, barait, cikin laka lokacin haƙar rijiya don ya danne ƙarfin mai da gas. Akwai shi jibge a Azara, cikin Ƙaramar Hukumar Awe, maƙwabciyar Lafiya. Kamfani ba ya karɓarsa sai nauyinsa ya ninka na ruwa fiye da sau huɗu, kuma wanda ya iya auna wannan, ya san yadda za a raba shi da tsakuwa, shi ke yanke wa mai haƙa farashi.