Yadda Saƙo Ke Zaɓar Hanya a Sadarwar da Ba Ta da Turke

Wayar hannu ta yau da kullum ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye, ko da suna ɗaki ɗaya. Saƙon sai ya je turken kamfanin sadarwa kafin ya dawo. Amma akwai wani tsarin da babu turke a cikinsa sam. Na'urorin da kansu, ko rediyon sojoji ne, ko kwamfutocin ma'aikatan ceto, ko motoci, ko jirage marasa matuƙa, su ke miƙa wa juna saƙo har ya kai ga mai shi. Kowace na'ura mai aikawa ce, mai karɓa ce, kuma 'yar aike ce ga maƙwabtanta. Masana suna kiran wannan tsari MANET a taƙaice.

Asalinsa aikin soja ne. A farkon shekarun 1970 hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka ta fara gwajin aika ƙunshin bayanai ta rediyo tsakanin na'urorin da ke tafiya, domin a fagen daga babu mai lokacin kafa turke, kuma turken da aka kafa shi ne abin da abokan gaba za su fara harba. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta kafa kwamiti a kan lamarin, wanda ya fitar da ƙa'idojin AODV da OLSR a 2003, sannan DSR a 2007.

Waɗannan ƙa'idoji gida biyu ne. A OLSR, na'urori suna ta sanar da juna halin da suke ciki a kai a kai, don haka kowacce tana riƙe da taswirar hanyoyi tun kafin a buƙace su. A AODV da DSR kuwa, ba a neman hanya sai an tashi aika saƙo: mai aikawa ta watsa tambaya, maƙwabta su miƙa ta gaba, har amsa ta dawo daga wurin da ake nema. A siffarsu ta farko, dukkansu hanya mafi ƙarancin zango suke fifitawa, wato wadda saƙo zai ratsa na'urori kaɗan. Ba sa yin alkawarin komai game da sauri ko jinkiri.

Ga rubutaccen saƙo wannan ya wadatar, tunda ko ya makara da daƙiƙa biyar ba a yi asara ba. Murya da bidiyo ba haka suke ba. Shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa hira tana tafiya daidai idan jinkirin murya daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba. Idan ya yi nisa da hakan, masu magana sai su riƙa katse juna. Daga nan ne batun ingancin sabis ya taso: a nemo hanyar da ta cika sharuɗɗan da aikin ke buƙata, ba kowace hanya ba. Sharuɗɗan da aka fi aunawa su ne faɗin hanya, wato yawan bayanan da take iya ɗauka a daƙiƙa, da jinkiri, da hawa da saukar jinkirin, da kuma yawan ƙunshin da ke ɓacewa.

Lissafinsu ba iri ɗaya ba ne. Jinkiri taruwa yake yi: zango uku masu milisakan 20 da 30 da 40 sun zama 90. Faɗi kuwa zango mafi ƙunci ne ke yanke shi, domin hanyar da zangunanta ke ɗaukar megabit 5 da 2 da 8 ba za ta wuce 2 ba. A 1996 Zheng Wang da Jon Crowcroft suka nuna cewa neman hanyar da ta cika sharuɗɗa biyu ko fiye masu taruwa yana cikin matsalolin lissafi da ba a san wata hanyar warware su cikin sauri ba idan na'urori sun yi yawa. Shi ya sa a aikace ake fara zubar da zangunan da faɗinsu bai isa ba, sannan a zaɓi mafi ƙarancin jinkiri cikin waɗanda suka rage.

Babbar wahalar ma ba a lissafin take ba, a iskar take. Na'urorin da ke kusa da juna tashar rediyo ɗaya suke rabawa, kamar mutanen da ke zaune a zaure ɗaya: idan ɗaya yana magana, dole sauran su yi shiru. Saboda haka saƙo ɗaya yana iya yin gogayya da kansa, tunda lokacin da na'ura ta biyu ke miƙa ƙunshi ga ta uku, ta farko ba za ta iya turo na gaba ba. A doguwar hanya abin da ke isa ƙarshe yakan faɗo zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zango guda, ko ƙasa da haka. Akwai kuma matsalar ɓoyayyiyar na'ura: biyu da ba sa jin juna su aika wa ta tsakiyarsu a lokaci ɗaya, saƙonnin su yi karo su lalace. Piyush Gupta da P. R. Kumar sun tabbatar a 2000 cewa rabon kowace na'ura raguwa yake yi yayin da adadinsu ke ƙaruwa. Ga shi kuma kowa tafiya yake yi, batir yana ƙarewa, hanyar da aka auna yanzu tana iya tsinkewa kafin a gama gaisuwa.

Ko ƙarancin zango ma yana yaudara. Hanya mai zango kaɗan tana nufin kowane zango dogo ne, dogon zango kuma siginarsa mai rauni ce. Masu bincike a jami'ar MIT sun fito da ma'aunin ETX a 2003, wanda ke ƙiyasta sau nawa za a maimaita aika ƙunshi kafin ya isa. Da shi ake gane cewa zango huɗu masu ƙarfi sukan fi biyu masu rauni.

Dabarun da aka gwada suna da yawa. Wasu sun raba lokaci zuwa ƙananan gurabe, a keɓe wa kowane kira gurabensa a duk tsawon hanyar; wannan shi ne mafi kusa da alkawari na gaske, amma yana buƙatar agogon na'urorin su daidaita sosai. A 1999 Shigang Chen da Klara Nahrstedt suka kawo dabarar tikiti, inda ake ƙayyade yawan 'yan leƙen hanya da za a saki, a ƙara musu yawa idan sharaɗin ya yi tsauri, maimakon a cika iska da tambayoyi. CEDAR, ita ma ta 1999, tana zaɓar wasu na'urori su zama ginshiƙai masu lissafa hanya a madadin maƙwabtansu. Tsarin INSIGNIA na jami'ar Columbia ya fi sauran yarda da gaskiyar lamarin: wurin da aka keɓe wa kira yana rushewa da kansa idan ƙunshi ya daina zuwa, don kada hanyar da ta mutu ta ci gaba da riƙe rabo. A matakin Wi-Fi kuma, ƙa'idar 802.11e ta 2005 ta raba bayanai aji huɗu, murya a gaba, bidiyo na biye.

Duk da haka, abin da ake samu alkawari ne mai sassauci. Na'ura takan auna hanya, idan babu wuri ta ƙi karɓar sabon kira don kada ta ɓata waɗanda ke gudana, ta kuma ajiye hanya ta biyu saboda tsinkewar ta farko. Kowace dabara tana cin wani abu daga faɗin da take ƙoƙarin karewa, domin saƙonnin aune-aune ma iska ɗaya suke bi. Sannan duk tsarin ya dogara ne ga gaskiyar maƙwabta. Na'ura ɗaya mai ƙaryar cewa tana da hanya mafi kyau tana iya janyo saƙonni ta zubar.

Wannan ne ya sa murya da bidiyo a irin wannan sadarwa suka fi zama a hannun sojoji da hukumomin ceto, waɗanda rediyonsu iri ɗaya ne kuma ƙarƙashin umarni ɗaya suke. A hannun jama'a abin bai kai nan ba. Lokacin zanga-zangar Hong Kong ta 2014, mutane da yawa sun sauke manhajar FireChat, wadda a lokacin take haɗa wayoyi ta Bluetooth da Wi-Fi ba tare da turke ba, kuma babban aikinta a lokacin aika rubutattun saƙonni ne, waɗanda jinkiri ba ya lalata su.