Launin ɗakin jariri a Nguru da Gashuwa: Tsakanin yayi da zafi da sauro

A yawancin gidajen Nguru da Gashuwa, jariri ba shi da ɗaki na kansa. Ɗakin uwarsa shi ne nasa: a nan ake karɓar 'yan barka, a nan ake jera kayan suna, a nan kuma maijego ke cika kwana arba'in. Shi ya sa idan haihuwa ta matso, ɗakin ake gyarawa, a sake fenti, a ɗinka labule, a sayo zanen gado da gidan sauro. Daga nan sai batun launi ya taso.

A da, farar ƙasa ce a bango, sai tabarmar kaba mai ratsi da jeren kwanuka da faya-fayai su ƙawata sauran. Yau hotunan Instagram da TikTok sun shigo da nasu tsarin: ruwan hoda ga mace, shuɗi ga namiji. Ko a inda ya fito, wannan rabon ba daɗaɗɗe ba ne. A 1918 wata mujallar masu sayar da kayan yara a Amurka ta ba maza ruwan hoda, mata kuma shuɗi, sai wajen shekarun 1940 tsarin yanzu ya kafu. A 'yan shekarun nan ma yayin ya koma kan launuka marasa hayaniya, irin su ruwan madara, ruwan toka da kore mai haske. Kamfanin Pantone, mai fitar da launin shekara, ruwan ƙasa ya zaɓa a 2025.

Sai dai a arewacin Yobe, yanayi ne ke da ta cewa kafin yayi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a garuruwan biyu. Launi mai duhu a bangon waje, ko a labulen tagar da rana ke bugawa, zafi yake sha ya sako shi cikin ɗaki, mai haske kuwa mayar da shi yake yi. Fari sol yana da nasa aibin, domin ƙurar hunturu ba ta barinsa. Ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske sun fi jure mata, kuma suna haska ɗaki idan babu wuta.

Hasken nan yana da amfani ga lafiya. Shawara kan bayyana a makon farko na haihuwa, kuma da ido ake fara gane ta, idan fata da farin idon jariri suka koma rawaya. Labule ruwan ɗorawa ko ƙwan fitila mai launi na iya ɓoye alamar, don haka a hasken rana ake duba jariri. Da zarar an gan ta, asibiti ya kamata a nufa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko mafi kusa.

Sai sauro. Nguru na bakin dausayin Haɗejiya da Nguru, Gashuwa kuma na gaɓar kogin Yobe, kuma inda ruwa ya kwanta, sauro ya sami gida. Ya fi son lunguna masu duhu da tufafin da aka rataye, a farin bango kuwa da wuya ya ɓuya. Wani bincike na Jami'ar Washington da aka wallafa a 2022 ya nuna sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue, idan ya shaƙi iskar numfashi, yakan nufi ja da ruwan goro da baƙi, ya ƙyale fari da kore. Amma launi ba ya maye gurbin gidan sauro mai magani, musamman da yake maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara da damina daga wata uku yake farawa.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa yana cikin gwangwanin fenti. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ruwan goro da ja, da sinadarin dalma ake ƙara musu kaifin launi. Idan bango ya tsufa ya fara ɓantarewa, garin yana sauka a inda yaro ke rarrafe, daga hannu kuma sai baki. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Arewa ta san ɗacinta tun 2010, lokacin da gubarta daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Fentin ruwa ya fi aminci, kuma gara a gama shafawa da makonni kafin haihuwa, a bar tagogi a buɗe warin ya fita.

Shi kuwa jaririn, a makonninsa na farko bambancin baƙi da fari ya fi gani, sai wajen wata biyar idonsa ke rarrabe launuka sosai. Kafin nan, kwalliyar ta uwa ce da baƙinta. Mai son ja ko ruwan hoda na iya kai su kan shawul da matashi da tabarma, waɗanda ake wankewa a sauya. Bangon kuwa a bar shi da haske, da fentin da aka tabbatar da lafiyarsa.