Ƙara wa Ƙaramar Mota Wuta: A San Farashin Kafin a Taɓa Injin

Duk mai zama a majalisar samari masu son mota, ko mai leƙa bidiyoyin YouTube da TikTok, ya san abin da ake yayi. A ɗauko ƙaramar mota mai injin lita 1.6 ko 1.8, a canja mata ɗan ƙarfe guda, a jona mata kwamfuta a taɓa ƙwaƙwalwarta, sai ga ta tana tsere wa manyan motoci. Abin ba siddabaru ba ne, yana yiwuwa. Sai dai bidiyon yakan tsaya ne a daidai inda allura ta haura, ba ya raka motar gareji ranar da za a sauke injin.

Kowane kamfani yakan bar wa injinsa rara, wato tazara tsakanin aikin da yake yi da iyakar abin da zai iya ɗauka. Daga cikin wannan rarar ake yanko ƙarin ƙarfin. A ƙasarmu kuwa, zafin rana da irin man da muke sha da ƙura da tsufan mota sun riga sun ci kasonsu tun kafin bakanike ya ɗauki sifana.

Yadda na'urar take aiki

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur, fetur kuma ba ya ci sai da iska. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Ƙaramin inji ba ya iya zuƙar iska mai yawa da kansa, shi ya sa ake sa masa abin da zai ɗura masa ita da ƙarfi. Iri biyu ne. Turbo, wadda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, hayaƙin salansa ne ke juya ta. Sufacaja kuwa bel ne ke jan ta kai tsaye daga ƙaranshaf, don haka da an taka totur take amsawa.

Asalin sufacajar da ta fi yawa a ƙananan motoci zugazugi ne. 'Yan'uwa biyu Amurkawa, Philander da Francis Roots na jihar Indiana, su suka yi mata rajista a 1860, aka riƙa hura wutar narka ƙarfe da ita. Mercedes ta nuna motocinta na farko masu wannan na'ura a Berlin a 1921, kuma kalmar Kompressor da ake gani a bayan C180 da C200 da C230 na tokumbo ita take nufi. Akwai ta a Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006, da Toyota MR2 mai injin 4A-GZE, da Volkswagen Golf mai injin 1.4 TSI na 2005 wanda ya haɗa sufacaja da turbo a wuri guda.

Abin da kamfani ya yi kafin ya ƙara ƙarfi

Mini ta ishe mu misali. Cooper ta yau da kullum da Cooper S duk injin lita 1.6 gare su, wanda aka ƙera a Brazil. Ta farkon tana da ƙarfin doki 115, ta biyun 163. Mai kallo daga nesa zai ce sufacajar Eaton M45 kawai aka ɗora, alhali aikin ya fi haka nesa ba kusa ba. An rage matsin cikin silinda daga 10.6 zuwa 8.3 don kada man ya fashe kafin lokacinsa. An sa sandunan fistin masu ƙwari, an sa bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don ya huce, an ƙara abin sanyaya baƙin mai, an sa intakula mai sanyaya iskar da aka matse, aka kuma ba ta giyabos mai giya shida.

Da masu kamfanin gyaran Mini na John Cooper Works suka zo ƙara mata ƙarfi zuwa doki 200, sun rage fulin sufacajar, wato gargaren da bel ke juyawa, amma tare da shi sun gyara kan injin, sun canja fulogi da salansa, sun sake tsara ƙwaƙwalwar. Da za su kai 210 sai da suka ƙara girman nozul masu feshin mai da akwatin shan iska. Haka Mercedes ta yi da injinta M271 mai lita 1.8: doki 143 a C180, 163 a C200, 192 a C230, kuma duk hawan da ƙarfin ya yi, matsin silinda sauka ya yi. Masu ƙera injin da hannunsu ba su taɓa ƙara iska su bar sauran kaya yadda suke ba.

Ƙaramin fuli, babban aiki

Abin da aka fi tallatawa shi ne ƙaramin fuli, don ya fi komai araha kuma nan take ake jin bambanci. Idan aka rage shi da kashi 15 cikin 100, sufacajar za ta riƙa juyawa da saurin da ya ƙaru da kusan kashi 18. Iska ta ƙaru, mota ta yi wuta, mai ita ya yi murmushi. Amma ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet.

Iska in aka matse ta zafi take yi, kuma sufacaja irin ta Roots, in aka wuce da ita saurin da aka ƙera ta a kai, dumama iskar take yi fiye da yadda take ƙara ta. A rana mai digiri 40, iskar da ke fitowa daga cikinta tana haura digiri 100 cikin sauƙi. Intakular Mini a saman injin take, tana shan iska ta ƙofar da ke kan bonet. In mota tana gudu ta huce, in ta tsaya a cunkoso sai ta jiƙe da zafin injin, daga nan direba ya samu sarari ya taka totur har ƙasa, iska mai zafi ta afka silinda.

A nan ne bala'in yake. Maimakon man ya jira tartsatsin fulogi ya ci a hankali, sai ragowarsa ta fashe da kanta saboda zafi da matsi. Wani lokaci a ji ƙarar ƙarfe ƙyas-ƙyas a ƙarƙashin rurin injin, wani lokaci salansar da aka buɗe ta danne ƙarar gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, tana da kunnen da ke jin wannan fashewar, sai ta jinkirta tartsatsi don ceton injin. Ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙara zafi. In abin ya fi ƙarfinta, gefen fistin da ke riƙe da ringi ya tsage, ko bakin fulogi ya narke, ko gaskit ya ƙone. Haka in nozul ko famfon mai suka kasa kawo man da ya dace da yawan iskar: wutar ta yi tsananin zafi, fistin ya huje.

Mini tana da wani tarko na daban. Famfon ruwanta a bayan sufacajar yake, wasu ƙananan giyoyi ne ke juya shi a cikin ɗan ɗaki mai nasa man. In man ya ƙafe da tsufa, haƙoran giyoyin su cinye, famfon ya tsaya cak alhali inji yana ta aiki, bel kuma lafiyarsa ƙalau. Direba ba zai ankara ba sai allurar zafi ta tashi. Ƙaramin fuli gaggauta wannan ranar yake yi.

Abin da ƙasarmu ta riga ta cinye

Na farko mai. Ana auna juriyar fetur ga fashewa da lambar oktan. A Turai direba yana da zaɓi tsakanin 95 da 98, kuma mafi yawan tsare-tsaren ƙwaƙwalwa da ake saye ta intanet don irin wannan man aka rubuta su. Ƙa'idar yankinmu na Afirka ta Yamma ta tsaya ne a kan 91 a matsayin mafi ƙanƙanta, kuma a gidan mai famfon fetur iri ɗaya ne, ba a tambayarka wanne kake so. Ba a ma zancen na 'yan bumburutu da ya kwana a jarka cikin rana. Ba a kuma manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin methanol ya shigo Najeriya ya lalata motocin jama'a. 'Yan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a bakin titi ba sa mayar da 91 ya zama 98.

Na biyu zafi. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, digiri 42 a watan Afrilu ba labari ba ne. Iska mai wannan zafin ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 9 cikin 100, kuma da ita intakula da lagireto za su yi sanyaya. Lissafin da ya yi daidai a Ingila cikin sanyi, a nan kan gaɓa yake.

Na uku ƙura. Masu gyara suna son cire akwatin iska su maƙala buɗaɗɗen mataci don a ji kukan sufacaja. A cikin hunturu wannan ƙofa ce aka buɗe wa ƙura, ta kankare fuka-fukan na'urar, ta gurza ringi, ta ɓata abin auna iska. Matacin kuma zafin cikin bonet yake zuƙa.

Na huɗu tsufa da irin riƙon da muke yi wa mota. Mini ta 2004 ta haura shekara 20. Injin M271 an san shi da saurin cinyewar sarƙar taimin da haƙoranta. A kan wannan kuma sai a cire tamostat, a zuba ruwan rijiya a lagireto, a fasa indomi, wato matacin hayaƙin salansa, a sayar, a kashe fitilar gargaɗi da ke kan dashbod. Injin da ke cikin wannan hali magani yake nema, ba ƙarin kaya ba.

Tafiya da tsayawa

Ko da injin ya jure, saura rai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A 140 tana cin kusan 39, kuma ƙarfin da birki zai kashe ya kusa ninkawa biyu, domin ba a miƙe yake ƙaruwa ba. Man birki na DOT 4 sabo yana jure digiri 230, amma in ya tsufa ya sha danshi yakan tafasa a wajen 155, a taka birki a ji shi laƙwas. Taya ma tana da iyakarta a rubuce a jikinta: T kilomita 190, H 210, V 240, wannan kuwa ga sabuwa mai lafiya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Tayar gwanjo mai shekara takwas a kan kwalta mai zafi ba ta san wannan alkawari ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Ko a gasar ƙwararru an taɓa ja da baya: bayan direban tsere Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto sun mutu a tsibirin Corsica ranar 2 ga Mayun 1986 cikin Lancia Delta S4, mai ƙaramin injin lita 1.8 da sufacaja da turbo, an soke rukunin waɗannan motoci baki ɗaya. Su a rufaffiyar hanya suke da hular kwano. Mai wasan mota a bikin aure kuwa tsakanin yara da 'yan acaɓa da masu talla yake.

Ga wanda ya nace, da wanda zai saya

In har sai ka yi, bi abin daki-daki. A fara auna matsin kowace silinda, a duba sarƙar taimin da man sufacaja da bel da abin ɗaure shi. A mayar da tamostat, a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya na gaskiya. Sannan birki da taya da kuloci. Bayan nan a tabbatar famfon mai da nozul za su iya, a sa fulogin da ya dace da ƙarin zafi. Fuli shi ne na ƙarshe, kuma a tsaya a kan ragi kaɗan. Ƙwaƙwalwar a tsara ta a kan man da za ka riƙa sha, cikin zafin garinku, da na'urar auna cakuɗar mai da iska a jone. Ka tambayi mai aikin da me zai auna, kuma ya zai gane in man ya fara fashewa. In amsarsa ita ce kunnensa ya isa, ko ya ce zai kashe abin da ke jin fashewar don fitila ta daina damunka, karɓi makullinka. Mai cikakkiyar inshora kuma ya sanar da kamfaninsa tun kafin a yi aikin.

Mai sayen tokumbo ya buɗe bonet da kyau. Fuli mai sheƙi ko mai launi, buɗaɗɗen mataci, ƙurar bel baƙa a kewayen sufacaja, ramukan da aka cire agogo a gefen gilashi, wayoyin da aka yanke aka naɗe, duk alamu ne cewa wani ya riga ya more rarar injin a can. Ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba: fitilar inji dole ta kama, sannan ta mutu bayan ya tashi. In ba ta kama ba sam, an rufe mata baki ne.

Iyaye masu saya wa 'ya'yansu irin waɗannan motoci su ma su riƙa tambayar abin da aka yi a gareji. Ƙaramar mota mai doki 163 ta riga ta fi ƙarfin kowace doka ta hanyoyinmu. Kuɗin fuli da na taɓa ƙwaƙwalwa, in aka zuba su a sababbin tayoyi huɗu da birki da baƙin mai mai kyau, motar za ta fi daɗin tuƙi, ta fi daɗewa, ta kuma fi daraja ranar sayarwa.