Bam Ɗin Nukiliya: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Duk lokacin da manyan ƙasashe suka fara zare wa juna ido, sai a ji ana cewa idan bam ɗin nukiliya ya tashi babu mai kai labari, don haka shiri ɓata lokaci ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A Hiroshima, inda Amurka ta jefa bam ranar 6 ga Agustan 1945, kimanin mutum 140,000 ne suka mutu kafin ƙarshen shekarar. Amma Eizo Nomura, wanda ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa mita 170 kacal daga tsakiyar fashewar, ya rayu har 1982. Kankare da ƙasa ne suka kare shi. An kuma yaɗa cewa ko ciyawa ba za ta tsiro a birnin ba sai bayan shekara 75, ga shi yau fiye da mutum miliyan ɗaya ke zaune a cikinsa.

Jita-jita ta biyu ita ce wanda ya tsira ya ranta a na kare. Wannan kuskure ne mai kisa, domin ƙurar da ke saukowa bayan fashewa tana ɗauke da guba. A 1954, bayan gwajin bam da Amurka ta yi a tsibirin Bikini, ƙurar ta zubo wa mutanen tsibirin Rongelap fara fat kamar toka, yara suka yi wasa da ita, sannan amai da ƙunar fata da zubar gashi suka biyo baya. Sai dai ƙarfinta na saurin raguwa: bayan awa 7 yakan koma kashi ɗaya cikin 10, bayan kwana biyu kashi ɗaya cikin 100. Saboda haka a shige tsakiyar gini mai kaurin bango, a rufe tagogi, a tuɓe tufafin waje, a yi wanka da sabulu, a zauna aƙalla awa 24 ana sauraron rediyo. Ƙwayar aidin kuwa, da ake zuzutawa kamar maganin komai, sashe ɗaya na wuya kawai take karewa daga sankara.

Wani zai ce bama-baman yau sun ninka na Hiroshima ƙarfi. Haka ne, kuma babu bangon da zai ceci wanda ke tsakiya. Amma waɗanda ke gefe sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma su ne yanke ƙauna zai hallaka a banza. Sanin hanyar tsira bai rage munin makamin ba. Wajibi ne duniya ta ci gaba da matsa wa masu shi lamba har su kwance shi.