Makullin Wayarki Ya Zauna A Hannunki

A matso kusa da rediyo, wadda kuma take da waya ta ɗauko ta riƙe a hannu, domin maganarmu ta yau a kanta take.

Makon jiya da na ce za mu taɓa batun kwamfuta, wata baiwar Allah ta aiko mini saƙo daga nan cikin garin Wudil. Ta ce ita da ko zaure ba ta leƙawa, ina ruwanta da kwamfuta, ai wannan sai 'yan jami'a. To 'yar uwa, gaskiya ne muna da jami'ar kimiyya da fasaha a garin nan tun 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022, kuma ɗalibanta ne aka fi gani da kwamfuta a jaka. Amma wannan wayar da kika turo mini saƙon da ita, ita ma kwamfuta ce. Tana lissafi, tana ajiye hoto da rubutu, tana aika kuɗi tana karɓa. Ƙanƙanta kawai ta yi.

Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, layi kaɗai sai da ya kai naira 20,000, waya kuwa sai manyan alhazai. Yau ga ta a ɗakin kowa. Sannan tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, har mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinkin hula sai da suka nemi akawun, don mai saye ba shi da tsaba sai tiransifa. Ke nan jarin da a da yake ƙulle a bakin zani ko cikin asusun ƙasa, yanzu cikin waya yake kwana.

Ga inda gizo ke saƙa. Mu matan da ke cikin gida, rayuwarmu ta aike ce. Cefane aike, talla aike, niƙa aike. Sai muka ɗauki waya ma haka. Caji ya ƙare, a ba yaro ya kai wa mai caji. Ana son fim, a kai wa mai turawa. Ana son kuɗi, a ba ƙani kati da lambar sirri ya je wurin mai POS. Waya ta yini a hannu uku ko huɗu kafin ta dawo. Don Allah uwargida, kin taɓa ba yaro makullin akwatinki kin ce ya kai shago a ajiye miki zuwa magariba?

Bari in ba ku labarin gwaggona. Uwar adashe ce, mata goma sha biyu ke zubi a hannunta, kuma shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wata ranar Laraba, ana gobe kwasa, wani ya kira ta da Hausa tsantsa, cikin ladabi, har da "Hajiya ina wuni". Ya faɗi cikakken sunanta, ya ce daga banki ne, za a rufe akawun ɗinta in ba a gyara shi yau ba. Ya ce yanzu wasu lambobi za su shigo wayarta, ta karanto masa. Ita ba ta karatun boko sosai, sai ta kira jikanta ya karanto. Kafin ta idar da sallar la'asar an kwashe kuɗin tas. Ranar Juma'a sai da aka kai tumakinta biyu kara aka sayar, sannan ta iya haɗa ido da mai kwasa. Ba wauta ce ta ja mata ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata mene ne waɗannan lambobin.

To yau a saurara. Lambobin da ke tattare da wayarki ba matsayinsu ɗaya ba. Lambar akawun, mai guda 10, wannan kamar kwatancen gidanki ce, kina iya ba duk mai son turo miki kuɗi, babu abin da zai iya ɗauka da ita. BVN da Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, da NIN ta katin ɗan ƙasa, kowacce guda 11, waɗannan ba a karanta wa mutum su a waya. Sai kuma masu haɗarin gaske: lambar sirrin da kike dannawa kafin kuɗi ya fita, da lambobin nan da banki ke turowa ta saƙo, waɗanda ake kira OTP. Abin da ke faruwa shi ne, ɓarawon ya riga ya fara cire kuɗin daga can inda yake. Banki kuma ya ce bari in tabbatar mai akawun ce da kanta, sai ya turo lamba zuwa layinki. Ita kaɗai ta rage masa. Kina karantowa kin miƙa masa makulli da hannunki. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar wannan lamba. Duk wanda ya tambaya, ko da muryar wa ya zo, kashe wayarki.

Irin wannan dabarar ake yi da WhatsApp. Sai a kira ki a ce za a saka ki a zauren tallafin mata, ko zauren 'yan biki, an turo miki lamba 6 ki faɗo. Kina faɗa, WhatsApp ɗinki ya koma wayarsa. Daga nan sai ya bi 'yan uwanki ɗaya bayan ɗaya da sunanki da hotonki: ina asibiti, a ranta mini dubu goma. Kuɗin wasu ne ya tafi, amma mutuncinki aka ci. Maganin wannan yana cikin WhatsApp ɗin kansa, kuma ba a biyan ko sisi. Ki shiga Settings, ki taɓa Account, ki nemi inda aka rubuta Two-step verification, ki saka lamba 6 da ke kaɗai kika sani. Ko an yaudare ki kin faɗi ta farko, ba za su wuce ta biyun ba. In ba ki iya ba, 'yarki ko ƙanwarki ta kai ki wurin, amma in an zo saka lambar ta kau da kai, ki danna da kanki. Kuma ban da 123456, ban da shekarar haihuwar ɗan fari, ban da ƙarshen lambar wayarki. Nan ɓarawo yake fara gwadawa.

Wata za ta ce, to maigida fa? Ni ban shiga tsakanin mata da miji ba, wannan shawararku ce ku biyu. Abin da nake cewa shi ne, kada lambarki ta zama ta gayya, yaran gida sun sani, almajirin gida ya sani, yaron maƙwabta ya sani. In dole sai an ciro miki tsaba, ba sai kin ba da kati ba. A karɓo miki lambar akawun ɗin mai POS da kika yarda da shi, ki tura masa daidai abin da kike so daga ɗakinki, yaro ya je ya karɓo. Abin da ya fita ke kika fitar.

Yanzu batun layi. Da yawa muna kukan waya in ta ɓata, alhali ɗan ƙaramin layin nan ya fi ta haɗari. Duk wanda ya riƙe layinki, in ya danna *565*0# BVN ɗinki za ta fito masa, kuma saƙon banki wurinsa zai riƙa zuwa. Don haka in za a kai waya caji ko gyara, ki zare layi da memori ki ƙulle a bakin zani. Ana kuma iya saka wa layin kansa lambar sirri, ta yadda ko an sa shi a wata wayar ba zai buɗe ba. Sai dai a kula: in aka yi kuskure sau 3 layin zai toshe, sai an kawo wata lamba mai suna PUK da ke jikin katin da aka ɓallo layin. Wadda ta yar da katinta kada ta yi gaggawar gwadawa. In kuwa waya ta ɓata, kafin kuka da cigiya, a fara sanar da banki su tsayar da akawun, sannan a kira kamfanin layi a rufe shi. Lambar 300 ce ta kiran kamfani a kowane layi tun 2023.

Zare memorin nan da na ce, ba don kuɗi kaɗai ba. Ke da ba a ganin ko tafin hannunki a waje, hotunanki na cikin ɗaki, ba mayafi ba ɗankwali, suna hannun saurayin da ke tura fim a bakin kasuwa. Akasarinsu mutanen kirki ne masu neman halal, amma ɗaya ya isa. Ki ware memori daban na fim da karatu da wa'azi, shi za a riƙa aikawa. Fuskar wayar kuma ki sa mata makulli.

Kada in cika ku da tsoro, wayar nan baiwa ce in an iya da ita. Mai sana'a, in an ce an turo kuɗi kada ki saki kaya don kin ga alat, domin ana ƙirƙirar na bogi. Ki duba abin da ke cikin akawun ɗinki, in ya ƙaru to ya shigo. Uwar adashe, duk ranar zubi ki ɗauki hoton shafin littafinki, ko yaro ya yaga ko ruwa ya jiƙa kina da shaida mai kwanan wata. Wadda rubutu ke ba wahala, saƙon murya ya wadatar, kuma shi ma shaida ne in an zo musun ciniki. Mai son rubuta Hausa daidai, akwai manhajar Gboard, in an zaɓi Hausa za ki samu ƙ da ɗ da ɓ, kin ga an bambance ƙafa da kafa. In saƙon Turanci ya shigo ba mai karanta miki, Google Translate ta san Hausa tun 2013. Hausarta takan yi tuntuɓe, don haka ban yarda a dogara da ita a kan takardar magani ba, amma za ta nuna miki inda saƙo ya dosa ba tare da kin kai sirrinki waje ba. Lambobin 'yan uwa kuma a ajiye miki su a akawun ɗin Google maimakon cikin wayar, ko ta faɗa rijiya za ki same su a sabuwa.

Masu kukan data da kati na ƙarewa ba dalili, yawanci abu biyu ne. Na farko bidiyon zaurukan WhatsApp da ke sauka da kansu, na biki, na suna, na abin da ba ki nema ba. Ki shiga Storage and data ki hana su, sai wanda kika taɓa zai sauka, wayar ma ta huta da cika. Na biyu, wani tsari da aka saka ki ba da saninki ba ana yankar kuɗi kullum. Danna *305# ki ga abin da ke kan layinki ki soke. *310# na nuna ragowar kati, *323# ragowar data. Saƙonnin talla kuwa, a rubuta STOP a aika zuwa 2442.

Gidan da ke da babbar kwamfutar ta ɗalibi ko ta maigida, taimakon da za ki yi mata kaɗan ne. Kada a ɗora ta kan katifa tana aiki, ta ƙasa take shan iska, in ta toshe sai ta yi zafi. A rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura, a nisanta ta da kofin shayi da hannun yara, kuma in an ɗauke wuta a zare ta daga soket kafin a dawo da ita da ƙarfi.

Lokaci ya yi halinsa. Aikin da zan bar muku a daren nan guda ɗaya ne, lambar nan 6 ta WhatsApp, kowa ta saka tata kafin ta kwanta. Wadda ta maƙale a hanya ta aiko da saƙon murya ta faɗi daidai inda ta tsaya, mako mai zuwa in Allah Ya kai mu da shi za mu fara, kafin mu shiga yadda ake ɗaukar hoton kayan sana'a da hasken tsakar gida. A gaida yara, a gaida maigida. Wassalamu alaikum.